Ɗan da Ba Shi da Gamana

Kwanakin baya muna zaune a tabarmar tsofaffi ta bakin masallacin unguwarmu, nan garin Tawa, wani ya kunna rediyo muka tarar ana gardama. Wai awa nawa ya kamata mutum ya yi yana aiki a mako. Wannan ya faɗi nasa adadi, wancan ya ce ya yi yawa, wata mata ta bugo waya ta ce ita dai ba a taɓa ƙidaya mata nata ba. Tsofaffi suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, “Ku ji mutanen biro, ƴan zaman ofis! Aiki ma sai an auna musu shi kamar magani.” Na kusa da ni ya zungure ni ya ce, “Su taho su ga ɗanka mai walda, shi da bai san Lahadi ba, bai san Juma'a ba.” Da can in aka faɗi haka sai in gyara zama, in shafa gemu, in ce ai tarbiyya ce. Ran nan dariyar ta ƙi fitowa. Daga inda muke ana jiyo kukan injin ɗan nawa yana yankan ƙarfe, kuma na san abin da matarsa ta durƙusa ta gaya mini game da idanunsa, wanda har lokacin ban yi komai a kai ba.

Ni a wani ƙauye na tashi, arewa da Barmu, inda gonaki ke maƙale tsakanin duwatsu. Ba mu san awa ba, inuwa muke dubawa da kuma cikinmu. Amma mako a rabe yake tsaf, yaro tun bai iya ɗaura wando ba ya san rabon. Kwana huɗu na gandu ne, babbar gonar gida wadda kowa ke ci daga rumbunta. Kwana biyu na gamana, ɗan yankin da maigida ke yanka wa kowane baligi da kowace matar aure. Abin da gamana ta ba ka naka ne, ko tunkiya ka saya ko riga ka ɗinka, babu mai tambayarka. Ranar Juma'a kuwa hauya a rataye take wuni. Ko a ranakun gandun ma, da an kira azahar an tashi ke nan, sauran yinin na mai shi ne. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar hauyoyi a kan tsakuwa da sassafe, ƙwal, ƙwal, maza sun yi layi babu mai magana sai nishi. Da hantsi a hango yayyenmu mata tafe da ƙoren fura a ka, sai kowa ya ƙara wuta, don babu mai so a same shi a baya. Ranar gamana kuwa nomanka daban ne. Ka sunkuya ka miƙe yadda ka ga dama, ka yi waƙa, ka tsaya ka yi wa maƙwabci ba'a cewa wakensa ya fi shi ƙiba.

Juma'a tana da nata sauti. Wanzami ya zo da sassafe, a ji yana wasa aska a tafin hannu. Ana wanki a bakin rijiya, guga na sauka yana hawa. Wani lokaci Buzaye su sauka bayan gari da raƙumansu da gishiri, mu yara mu wuni muna kallon raƙumi yana tauna kamar mai gulma. Mahaifina ya zauna gindin bango yana tufkar igiya, abin da shi bai taɓa ɗauka aiki ba. Mahaifiyata kuwa in ta wuce shi da tulu a ka sai ta ce, yadda zai ji, “Juma'a ta maza ta, turmi bai san ta ba.” Ya yi kamar ba da shi ake ba. Gaskiya ta faɗa, kuma sai da na tsufa na gane nauyin maganar. Duk da haka ita ma tana da gamanarta ta kuɓewa da yakuwa, kuma ranar da take ciki ko maigida bai isa ya aike ta ba.

Mahaifina ba mai yawan magana ba ne, ga ɗansa na fari kuwa ba ya magana sam. Haka al'adarmu take a ƙasar Adar, ɗan fari ana jin kunyarsa. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Yayana ne ɗan farin. In mahaifinmu yana son ya sa shi aiki, sai ya dubi bango ya ce, “A gaya ma wancan shi ɗaure jaki,” alhali wancan ɗin yana zaune kusa da ƙafarsa. Mu ƙannai abin dariya ne a wurinmu. Mu ake ɗorawa a cinya, mu ake ba ƙarshen fura, shi kuwa sai dai ya ji saƙo ta bakin wani.

Wata damina kurkunu ya kwantar da mahaifinmu. Ƙafa ta kumbura, tsutsar ta fito a idon sawu, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ga ruwa ya sauka sosai, ciyawa ta taso wa gandu kamar an aiko ta. Hannu ɗaya ya ragu, kuma shi ne babban hannun. Yayana bai ce wa kowa komai ba. Ranakun gandu ya yi gandu, ranakun gamana ya saɓa hauya kamar zai tafi tasa, sai ya kewaya ta bayan tudu ya faɗa gandu. Juma'a ma ya riƙa sulalewa kafin gari ya waye. Tasa gamanar, wadda yake sa ran ta ba shi abin fara zancen aure, ciyawa ta rufe ta har ba a gane kunyoyin. Duk gida mun sani, duk gida mun yi shiru, don kowa ya san daga wane rumbu tuwo ke fitowa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, in ya zauna cin abinci barci ya ɗauke shi da loma a hannu.

Wata Juma'a mahaifinmu, daga kwancen da yake, ya ɗaga kai ya dubi inda ake rataye hauyoyi, ya ga gurbin ɗaya. Bai tambayi kowa ba. Ya ce a kawo jaki. Mahaifiyata ta ce, “Malam, da ƙahwag ga?” Ya ce a kawo jaki. Aka ɗora shi, ƙafar na lilo da tsinkenta, na ja igiya muka bi ta cikin duwatsu. Duk inda jakin ya yi tuntuɓe sai in ji ya ja numfashi ta haƙora. Muka tarar da yayana shi kaɗai a tsakiyar gandu, ya sunkuya, bayansa ya yi fari da gishirin zufa. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Mahaifina bai dubi bango ba, bai ce a gaya wa wancan ba. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, “Kai. Aje hauyag ga.”

Yayana ya miƙe a firgice ya ce, “Baba, haki ya ci gona.”

“Shi ci. Gandu ya ci kwanakinai huɗu, in bai ƙoshi ba shi kwana da yunwa. Ni ɗa na haihwa, ban sayi bawa ba. Yau ta Allah ta, gobe da jibi naka na. In na sake ganin ka nan ranad da ba tawa ba, ban yahe ba.”

Yayana ya ajiye hauyar, ya tsugunna, ya rufe fuska da hannu. Ni a lokacin na ɗauka faɗan ne ya sa shi kuka. Muka juyo, mahaifina a kan jaki, yayana a baya da hauya a kafaɗa, har gida. Kada wani ya zaci abin ya zo da sauƙi. Gandu bai yi kirki ba a shekarar. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, muka koma ga ganyen tafasa da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su an zubar da ruwa an sake jiƙawa kafin ɗacinsu ya fita. Baffanninmu suka ce taurin kai ne ya jawo mana. Mahaifina ya ci anzarsa tare da mu, ban taɓa jin ya ce da na sani ba. Gamanar yayana kuwa ya ceto rabinta, ta ba shi wake, waken ya zama tunkiya, kuma da ƴaƴan tunkiyar nan aka kai gaisuwar aurensa.

Duk wannan a gaban idona aka yi. Ni na ja jakin. Shi ya sa ba ni da bakin cewa ban sani ba.

Shekarun fari suka zo suka watsa mu. Gandu aka raba, aka sake rabawa, har abin da ya zo hannuna bai kai a shimfiɗa tabarmar biki ba, shi ma ya tafi a wata shekarar yunwa. Na shigo Tawa da iyali, na yi leburan gini, na yi gadi, na yi turin kura. A birni babu mai yanka maka gamana. Ranar da ka samu aiki ita ce ranar aiki, ranar da ba ka samu ba sunanta zaman banza, ba hutu ba. Ɗana na fari na kai shi wurin wani mai walda tun yana ƙarami, ya koya, ya ƙware, ya buɗe rumfarsa a bakin titin unguwarmu. Allah ya sa wa hannunsa albarka. Ƴan Adar da ke Abijan da Libiya kowa so yake ya aiko a gina masa gidan siminti, kowane gida kuma yana son ƙofar ƙarfe da tagogi. Aiki ya yi ta zuwa, bakuna ma suka yi ta ƙaruwa. Ga ni, ga ƙanwarsa da mijinta ya rasu ta dawo da ƴaƴanta, ga matan ƙannensa biyu da suka tafi cin rani, waɗanda aikensu ke zuwa in ya ga dama. Ga maganin tansiyo, wato hawan jini, da nake haɗiya kowace safiya. Duk daga bakin ƙarfen nan guda.

Da farko yana da hutun da bai roƙa ba. In aka ɗauke wuta sai rumfa ta yi tsit, ya dawo gida ya miƙe a zaure, ko ya ɗauki ƴarsa a wuya su je kallon shanu. Sai ya tara ya sayi gurup, injin wuta mai shan mai, don kada aiki ya riƙa tsayawa. Ranar da aka kawo shi ni na kira liman ya yi addu'a, ni na raba goro, ina ta washe baki. Tun daga ranar mako ya zama dunƙule guda, babu kai babu gindi. Asuba yana rumfa, isha yana rumfa. Juma'a ya je masallaci ya dawo ya cire farar riga ya rataye, wani lokaci da hular sallar a kansa yake sunkuyawa. Ni kuwa ina tabarmar tsofaffi ana yaba mini shi, ina karɓar yabo kamar ni nake riƙe da ƙarfen. Shi ma, kamar yadda na gada, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa sannu ba. In ya ajiye mini ledar magani sai in dubi bango in ce, “Allah shi yi ma mai kawowa albarka.”

Matarsa ce ta same ni wata safiya bayan ya fita. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin zane kafin ta ce, “Baba, ku yi haƙuri, magana ta kawo ni. Idanun mai gidanmu na. Kullum ja, kullum hawaye, in ya tashi da sahe sai na sa mai ruwan ɗumi kahin su buɗe. Mun tahi likita, lokotoro mai duba ido ya ce hasken walda na, in bai rinƙa hutawa ba suna iya tahiya. Na yi magana, bai ji ba. Ya ce in ya zamna wa ka ciyad da gida. Ku kaɗai za shi ji.” Na ce, “Allah shi sawwaƙe.” Ta jira ko akwai saura. Babu saura. Ta tashi ta tafi.

Na gaya wa kaina kunya ce, ɗan fari ne, ba a saba ba. Amma mutum ba ya ruɗin kansa ya daɗe. Tsoro ne. Ina tsoron tukunya ta ragu, ina tsoron ledar magani ta daina zuwa, ina tsoron komawa ga irin kwanakin anza da furfura a kaina. Mahaifina da tsutsa a ƙafa ya hau jaki ya ratsa duwatsu, ya zaɓi ya ci ɗaci da ya ci ɗansa. Ni rumfar ba ta fi jifa da dutse daga tabarmata ba, ƙafafuna biyu lafiya, amma na yi makonni ina jin injin nan yana kuka, ina haɗiye maganina da kunun da shi ya saya. Kowace safiya na ga matar ta wuce da ɗan kwanon ruwan ɗumi, sai in juya fuska in kama tasbaha. Wannan abin yana ci mini rai, kuma ba na neman kowa ya rarrashe ni a kansa.

Juma'ar da ta biyo bayan gardamar rediyon, da aka sauko daga masallaci, ban koma tabarma ba. Na ɗauki sandata na nufi rumfar. Ko sau ɗaya ban taɓa shiga cikinta ba. Na same shi a tsugune gaban wata babbar ƙofa, baƙin gilashi a fuska, tartsatsi na tashi, gurup na ta ruri a gefe. Na tsaya bai gan ni ba. Na yi gyaran murya, wa zai ji. Sai na ɗaga sanda na ƙwanƙwasa ƙofar da yake haɗawa. Ya ɗaga gilashin. Ban taɓa duban idanunsa kusa haka ba tun yana jariri. Jajaye ne kamar an zuba musu barkono, gefensu ya kumbura, yana ƙifta su yana neman gane wanda ke tsaye. Da ya gane ni sai ya zabura ya kashe injin. Wurin ya yi shiru har ina jin kukan tattabaru a kan rufin maƙwabta.

Ya ce, “Baba, lahiya? Wa ya rasu?”

Abin da zuwana ke nufi a wurinsa ke nan. Na dube shi, na ce, “Babu wanda ya rasu. Kai. Aje ƙarhen ga.”

Ya ajiye, yana kallona kamar bango ne ya yi magana. Na ce masa abin da na ji an ce a gabana. Na ce gandu ya ci kwanakinsa, ɗa na haifa ban sayi bawa ba, yau ta Allah ce, gobe da jibi nasa ne. Tun yana yaro yana jin labarin kakansa da jaki a bakin mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, don haka ya san inda maganar ta fito. Ya ɗan yi murmushi, ya goge hawayen da ke zubo masa ba na kuka ba, ya ce a hankali, ba da rashin kunya ba, “Baba, to in na aje, in tahi ina? Ni ba ni da gamana.”

Mahaifina ya kori ɗansa daga gona yana da wata gonar da zai tura shi. Ni ban yanka wa nawa ko taku ɗaya ba. Duk abin da ya taɓa da hannunsa tun yana yaro gandu ne, mu ne rumbun, kuma ba mu taɓa cika ba. Na duba rumfar, na ga wani benci a inuwar bishiyar dogon yaro inda masu jiran aiki ke zama. Na nuna shi da sanda na ce, “Kwanta can.” Ya ce akwai mai ƙofa da zai zo. Na ce ya kwanta. Don biyayya kawai ya je ya miƙe, yana cewa kaɗan zai yi. Kafin in gama gyara zama a kan wata tsohuwar taya, numfashinsa ya canza.

Mai ƙofar kuwa ya zo, wani ɗan gayu da bai daɗe da saukowa daga Abijan ba, yana kaɗa makullin moto, wato babur. Na tare shi tun daga bakin titi na ce ya rage murya, yau ba a aiki. Ya ce, “Tun yaushe, tsoho?” Na ce tun yau. Ya ce shi yana da sauran tagogi da ƙofar gareji, in wasa za a yi masa akwai masu walda cike da gari. Na ce Allah ya ba su sa'a. Ya buga moto ya tafi, ina kallon bayansa, na san naman miyarmu ne da maganina suke tafiya a kai. Amma ban kira shi ba.

Na koma na zauna kusa da bencin. Na san rabin yini ne kawai na ƙwato masa cikin bakwai, ni da aka raine ni a gidan da ake ba ɗa kwana uku. Na san gobe da asuba gurup zai tashi, kuma ba ni da tabbacin ƙafata za ta sake kawo ni in kashe shi. Masu rediyo su ci gaba da ƙidayar awoyinsu, ni abin da na sani shi ne akwai ranar da ya kamata a ce ta yaron nan ce, kuma mun cinye ta shekara da shekaru muna sa masa albarka. Rana ta ratso ganyen dogon yaro ta sauka a fuskarsa, ƙudaje na bin gefen idon. Na warware bakin rawanina na rufa masa. Sai na lura hannunsa na dama yana motsi cikin barci, yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, yana walda. Rabona da taɓa shi tun ranar sunansa. Na ajiye sanda, na dafa hannun, na riƙe shi har ya daina.